Inda 'Yan Kallonmu Suka Koma

Muna idar da sallar asuba muka nufi tashar motar garinmu Gumel, mu uku: ni, da sakataren ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, da dattijonmu, wanda ya fi shekara talatin yana ba mutane dariya a dandali. Wasanmu na ƙarshe kujeru ne suka kalle mu, shi ne ya ce shi kam ya ajiye wasa. In kuwa ya ajiye, ƙungiya ta watse, kowa ya sani. Da ƙyar muka lallaɓa shi ya raka mu Kano mu ga yadda wata ƙungiya take nuna wasanninta kai tsaye ta intanet.

Hanya ba laifi, in ban da ramuka nan da can. Kuɗin mota ya fi na bara, wurin zama kuma ya ragu, mu huɗu aka cusa a baya. A haka muka isa Kano, muka sauka a tashar Yankaba.

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a Rijiyar Lemo, cikin Fagge. Shugabansu Bayarabe ne haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi tawa tsayuwa. Ya saya mana gurasa mai yaji da ƙuli, sannan ya baje kayan aiki: waya biyu, sandar ɗora waya, fitila, da ƙaramin makirufo. Sukan sanar da lokacin wasa kwana uku kafin ranar, bayan an gama su yanyanka shi gajere-gajere su sake turawa. Dattijo ya gama saurare ya ce, "To, ina mutanen?" Aka nuna masa waya. Ya ja tsaki.

Bayan azahar muka hau adaidaita zuwa Sabon Gari, inda suke ɗaukar wasa a saman wani shagon kayan mota. Wata 'yar ƙabilar Ibo ce mai kula da wurin, mace mai zafin nama. Ta ce tunda Baba ya zo, sai ya yi musu ko da minti biyar ne. Ya ɗora hular da ya saba wasa da ita, ya tsaya gaban waya ya fara. Ya saki maganar farko, ya dakata yana jiran dariya kamar yadda ya saba. Ba abin da ya amsa sai ƙarar janareta. Ya saki ta biyu, shiru. Wallahi na ji tausayinsa, har na fara zagin kaina da na kawo shi. Ya kai hannu zai cire hular wasan.

Sai matar ta fara karanta saƙonnin masu kallo da ƙarfi. Ashe tun a mota sakatare ya tura sanarwa zauren 'yan garinmu na waya. Ta ce, "Baba, wani mai gadi a Legas ya ce ina tarin?"

Dattijo yana da wani ɗan tari da yake yi kafin ya saki magana, yau ruɗewa ta sa ya manta. Mai gadin ya ce tun yana firamare yake kallonsa.

Dattijo ya matso kusa da wayar ya ce, "Ɗan gidan wa?"

Amsa ta zo, ya san uban, ya san kakan. Ya gyara hula, ya yi tarin. Kai! Saƙonni suka riƙa zubowa daga Fatakwal, Aba, Abuja, kusan duk 'yan garinmu da neman abinci ya fitar. Minti biyar ya koma rabin awa.

Bayan la'asar muka kamo hanya, muka shiga Gumel ana kiran magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mun daɗe muna fushi da mutanen da ba su guje mu ba, garin suka bari. Washegari da sassafe dattijo ya yi sallama a ƙofar gidana, hular wasan a hannu, yana tambaya wane bango ne a ofishinmu ya fi samun haske.