Baba Usman Mai Gita Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina shirin fita makaranta saƙon murya ya shigo wayata: Baba Usman ya rasu.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bahaushe ne haifaffen Jidda, yana da shagon yadi a Bab Makka. A ƙuruciyarsa kuwa shi ne mai kaɗa gita a wani ɗan band na samarin unguwa, suna bin waƙoƙin rock da pop na Turawa a kan rufin gida.

Ina sabon zuwa Jidda aikin koyarwa na shiga shagonsa. Da ya ji Hausata sai ya ture yadin gefe, ya zuba mini shayi. Shi ya samo mini gida a Aziziyya. Da iƙamata, wato takardar izinin zama, ta yi jinkiri, kullum sai ya kira ya ji ko na ci abinci.

A gidansa na Madain Fahd yana da kanta biyu na kaset. Ta sama ta mawaƙan da ke raye, ta ƙasa ta waɗanda suka mutu. Duk ranar da ya ji wani tsohon mawaƙi ya tafi sai ya kira ni:

"Ustaz, yalla, zo mu yi wa mutumina rakiya."

Mu zauna mu saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, sannan ya mayar da shi ƙasa da hannunsa. A 'yan shekarun nan kiran ya yawaita. Ya taɓa ce mini, "Dubi, ƙasa ta cika, sama sai ƙura."

Amma ba wannan ne ya fi damun sa ba.

Duk ranar Asabar ina koya wa yaranmu haifaffun nan Hausa. Yakan zo da gitarsa, ya ɗora kalmomin Hausa a kan tsofaffin kaɗe-kaɗen nan, sai ka ga yaran da ke noƙewa sun buɗe baki suna rerawa. Ban da jikarsa Rawan. Tana jin komai, amma da Larabci take amsawa, wai tana tsoron a yi mata dariya.

"Ustaz," in ji shi, "tsorona kada a binne ni da Hausar gidana."

Makon jiya na je duba shi. Yatsunsa sun daina iya danne tsirkiyar gita, ya dai rungume ta a cinya. Rawan ta kawo mana shayi, ya dube ta ya ce, "Amarya, ko kalma ɗaya ba za ki ba angonki ba? To na sake ki."

Ta yi dariya ta ce, "Halas ya Jaddi!" wato "Ya isa haka, Kaka!" ta gudu kicin. Shi ma ya yi dariya, amma na ga damuwa a idonsa.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Saƙon safiyar nan Rawan ce ta turo. Da Hausa. Kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya:

"Malam, Kaka ya rasu. Jiya da la'asar a asibiti na yi masa waƙar da ya koya mana. Bai iya magana ba. Amma yana buga yatsa a ƙarfen gado har na gama."

Ya ji, jama'a. Kafin ya tafi ya ji.

Allah ya jiƙan Baba Usman, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.

Ku kuma 'yan ajina na Asabar, ku yi masa taku da Hausa, ko da "Allah ya jiƙansa" kaɗai kuka iya. Ba wanda zai yi dariya.