Na zata sallah suka tafi

Jiya ina zaune a dakalin layin shagunan nan na unguwar Badi'a a Riyad, ƙullin yaji a cinyata, ina jira a buɗe. Duk ƙofofin a rufe suke, amma ban damu ba. Na san halin Riyad, da an kira sallah kowa yake jan ƙofarsa.

Zuwana na fari, da na zo wa 'yata wankan jego, wurin nan ko masaka tsinke babu. Ga mai gasa kaji, ga tela, ga mai turare. Can ƙarshe akwai wani dattijo mutumin Yaman mai kayan ƙamshi. Shi ya nemo mini kanwar kunun mai jego bayan ta gagare ni a duk garin. Na yi masa alkawarin yajin Kano in na dawo.

Jikana Sadik, jaririn wancan jegon, shi ya tuƙo ni. Can ya fito daga mota.

"Kaka, yalla, mu tafi."

"Kai mijin nan nawa ba ka da haƙuri. Bari su idar da sallah mana."

Ya tsuguna a gabana. "Ba sallah suka tafi ba, Kaka. Tun da aka gina katafariyar kasuwa mai sanyi kowa ya koma can. Dattijon ya tafi ƙasarsu, bara muka ji ya rasu. A gida na kasa faɗa miki."

Sai a lokacin na ga makullan duk sun yi tsatsa. Na yi masa addu'a, na tashi da yajina.

Ku fa, wa kuka ce wa "sai na dawo" har yau ba ku koma ba?