Faifan da Na Ɓoye a Kwalin Wa'azi

Wata Juma'a bayan la'asar, shekarar da nake aji biyu na sakandare, Baba ya shigo gidanmu na Agege da abokansa mahauta uku, ya ce a kunna musu wa'azi. A ɗakin Yaya Sani kaɗai ake da na'urar kallo, don haka amaryarsa Anti Rabi ta shimfiɗa musu tabarma, ta buɗe kwalin wa'azi ta saka faifan da ke ciki. Ina tsakar gida ina wanke wuƙaƙen Baba, sai na ji kiɗan da na sani ya tashi.

Fim ɗin nan ne da liman ya yi ta tsine wa, labarin saurayin da ya haukace a kan matar wansa. Wani ɗan ajinmu ya ara mini, nake kallo duk sanda Anti Rabi ta tafi kasuwa ta bar mini makulli. Har tafiyar saurayin na kwaikwaya, wai ni ma ciwonmu ɗaya, don kawai tana tsokanata da "maigida ƙarami", wasan da kowace matar wa ke yi da ƙanin miji. Da wayona na banza na ɓoye faifan a kwalin wa'azi, a zatona ba mai taɓa shi sai azumi.

Baba ya fito rai a ɓace. "A ɗakinki, Rabi? A gaban mutane?" Ta rantse ba ta san da shi ba, sannan ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina ta goge wuƙar da ta riga ta fita tas.

Kafin Lahadi magana ta kai bakin famfo, har Yarbawa 'yan haya sun ji. Mata suka daina turo 'ya'yansu kitso wurinta. Yaya ya yi kwanaki ba ya cin abincinta. Kunya da tsoro suka hana ni faɗin ni na ɓoye faifan, ita kuma ba ta ambaci sunana ba, makullinta kawai ta karɓe.

Yanzu yara na kallon abin da ya fi wannan a waya, ba wanda ake ɗora wa laifinsu. Anti Rabi ta yi jikoki, duk sallah nakan je gaishe ta, ta tarbe ni da fara'a. Sau nawa na shirya maganar a cikin motar haya ta danfo, in na durƙusa gabanta sai in ɓige da tambayar ciwon ƙafarta. Har yau ban roƙi gafararta ba.