Taya Mai Sanƙo

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye arewa da Magarya, abin hawana keke ne irin na hawan dutse, na hannu, wanda na sayo a kasuwar Maigatari. Ban san dutsen da mai shi na fari ya hau ba, mu dai a ƙasarmu sai yashi. Tayoyinsa masu faɗi ne, cike da haƙora. In na hau kwalta sai su yi ta gurnani suna riƙe hanya, ni kuma ina ta tuƙi gumi na zuba, amma tafiyar ba ta ci gaba.

Ba son wahala ya sa nake zuwa kullum daga gari ba. Innata ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma ni kaɗai na rage mata a gida. Ni ke ba ta maganin hawan jini da safe, ni ke cika mata randa. Akwai ɗakin malami a harabar lakol, wato makarantar, amma in na tare can sai ƙarshen mako za ta riƙa jin muryata.

Direktanmu, shugaban makarantar, ba ya wasa da lokaci. Da na makara sau uku a mako guda, ya kira ni gindin itacen bedi, da laƙabin da ake kiran malaman boko da shi a wajenmu, ya ce, "Mushe, daga yau zuwa ƙarshen wata, in ka ƙara makara sau biyu, ka naɗo tabarmarka ka tare a ɗakin can. Ƴaƴan mutane ba za su zauna jiran keke ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi mini zafi.

Ran Asabar na tura keken wurin wani dattijo mai gyaran kekuna a bakin tasha. Na ce ya cire mini waɗannan masu haƙoran, ya sa mini sirara masu santsi irin na ƴan tsere.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, hanyar taka kwalta ce har ƙofar aji?"

Na ce, "Kusan duka, Baba."

"To, kusan nan ita za ta kayar da kai."

Ni da na yi karatu har na zama mushe, mai faci zai koya mini hanya? Na ce ya sa kawai. Ya sa, ya rataye tsofaffin a ƙusa.

Ran Litinin na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Keken ya yi shiru yana shan kwalta, iska na kaɗa mini riga, har na wuce wani mai babur da ya ɗauko awaki biyu. Sai na iso inda ake sauka daga titi a bi burtalin ƙauyen, wanda amalanke suka niƙe yashinsa ya zama gari. Tayar gaba ta lume kamar wuƙa a tuwo. Kafin in ankara ina ƙasa, littattafai a warwatse, daidai rijiyar da mata ke jan ruwa. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu Mushe! Yau a nan za a yi karatun?" Na tashi na kakkaɓe, na tura keken har lakol. Yara sun daɗe a aji. Direkta ya ɗaga mini yatsa ɗaya.

Da yamma ina turo keken cikin yashin nan, raina a ɓace, tsoro kuma ya kama ni sosai, sai wani mai amalanken shanu ya tsaya ya ce in ɗora. Ina zaune bisa karan dawa na lura da tayoyinsa. Tsofaffin tayoyin mota ne, sun goge tas, ga su a sace kamar ba iska, amma suna tafiya bisa yashin ba sa nutsewa. Na tambaye shi dalili.

Ya yi dariya ya ce, "Ai yashi ba ya son tsini, ba ya son tauri. Ka dubi ƙafar raƙumi, faɗi gare ta da laushi. Mu in za mu shiga da kaya sai mun rage iska."

Daga titi ban nufi gida ba, wurin dattijon na zarce. Na ce, "Baba, ban ji bari ba, na ji hoho." Na kwashe maganar mai amalanke na gaya masa, na ce ina son taya mai faɗi amma marar haƙora. Ya ce babu irinta a rumfarsa, babu a kasuwa. Sa'an nan ya sauko da tsofaffin tayoyina daga ƙusa, ya wasa wuƙa a dutse, ya shiga yanke haƙoran tsakiya ɗaya bayan ɗaya, ya bar na gefe. Masu shayi suka taru suna kallo, wani ya ce yau an ga wanzamin taya. Da ya gama ya tsaga tsohuwar robar ciki ya shimfiɗa a cikin kowace, saboda ƙaya, ya ɗaure mini ɗan famfo a jikin keken.

Washegari na ba Inna magani, na cika tayoyin da iska tam, na hau. A kwalta sanƙon ne kaɗai ke taɓa ƙasa, keken na gudu salin alin. A bakin burtali na sauka na rage iska, na yi bismilla na shiga. Ya yi tangal-tangal sau ɗaya, sa'an nan ya miƙe ya bi ta saman yashin. Wallahi ihu na yi ni kaɗai a tsakiyar gonaki! Na iso lakol ba kowa sai awaki. Ni na buga ƙararrawa da hannuna, da ƙarfi kuwa, har direkta ya fito da asuwaki a baki yana duba agogo.

Haka na yi har wata ya ƙare, ban sake makara ba. Ranar ƙarshe ya miƙo mini hannu ya ce, "Mushe, zauna gidanku."

Ban taɓa gaya wa Inna maganar tarewa ba, ashe matar wani malami ta riga ta kai mata. Da na shigo gida ran nan, ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo wani ƙulli. Kuka ce da daddawa da barkono, ta haɗa su da kanta, da wannan idon nata. Ta ce, "Gobe ne tafiyar ko? Kada ka je can ka zauna da yunwa."

Na durƙusa na riƙe hannunta na ce, "Ba inda za ni, Inna."

Ta daɗe ba ta saki hannuna ba. Can ta ce, "To, kwance shi mu yi miya."