Ranar da Taubashina Ya 'Yanta Ni

A ƙauyenmu, can ƙasar Gwaram ta wajen Fagam, yaro ba ya shiga sahun maza sai ya yi fitsarin jini. Haka muka taso muka tarar. Tsargiya ce, amma mu ba mu ɗauke ta cuta ba. Ranar da yaro ya ga ja a ƙarshen fitsarinsa, ranar zai fara tafiya yana buɗa hannuwa kamar an cusa masa kabewa a hammata, ya daina zama cikin ƙanana. Sa'o'ina duk sun samu tun muna firamare. Ni kuwa shiru, kuma Inna ce ta ja mini. Ruwa ya ci yayana a rafi tun ba a haife ni ba, don haka ta rantse ƙafata ba za ta taɓa ruwan da ya fi cikin ƙwarya ba. Na girma a bushe kamar kilishi, sai dai kilishin mai ƙiba ne.

Da na ci jarrabawa aka kai ni makarantar kwana a Birnin Kudu, inda ɗan kawuna ya riga ni shiga. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka taubashina ne, kuma a al'ada ni bawansa ne. Bai taɓa kirana da sunan da aka yanka mini rago ba. Da safe bawa, da rana tumbin bawa, in ya ƙoshi kuma mai kan murfin tukunya. Ni ma ba na ƙyale shi, nakan ce kunnuwansa sun isa a yi shanyar kuɓewa a kansu. Ni ke ɗebo masa ruwa, ni ke wanke masa safa, safar da in an shanya ta ƙudaje kan yi ƙaura zuwa Wurno. Ladana kuwa babba ne. Shi ne mai tsaron gida na ƙwallon makaranta, tafin hannunsa kamar faifai, kuma duk siniyan da ya san haka ba ya ko kallon inda nake.

Shekarun nan ne kuɗin mai ya fara zuba, ko'ina gini, har aka kafa mana famfo a bayan ɗakin girki. Aka kuma kawo mana sabon malamin kimiyya, matashi mai wando mai faɗin ƙafa wanda ke share masa hanya kafin ya taka. Shi ya zo da ra'ayin cewa yaro ba ya jin maganar malami sai ta ɗan'uwansa yaro, don haka a damƙa lafiyar makaranta a hannun ɗalibai. Ya ce tsargiya tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi a rafi, ta huda fata ta je ta zauna a mara tana cin mutum. Aji ya yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Malam bai yi fushi ba. Ya raba wa 'yan ajinmu ƙananan kwalabe, ya ce kowa ya kawo fitsarinsa na safe.

Washegari a taron safe, gaban makaranta kaf, ya jera kwalaben a kan tebur. Wasu kamar zoɓo, wasu kamar ruwan goro. Sai ya ɗaga guda ya kara ta da rana, tas da ita, ka ce daga tulu aka zubo. Ya tambayi mai ita. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Birnin Kudu dutse ce, ba ta tsagewa. Na ɗaga hannu. Nan take ya naɗa ni shugaban ƙungiyar tsafta, ya ce a tafa mini. Aka tafa, har da guɗa daga layin baya. Sirrin da na ɓoye tun ina firamare ya tashi a banza, kowa ya san ƙaton yaron nan fitsarin jarirai yake yi.

Aikin shugaba ba kaɗan ba ne. Ni ke tattara kwalabe a akwatin katako in kai wa disfensa a ɗakin shan magani, ina tafe suna ƙara, yara na bina suna tambaya ko nawa nake sayar da manja. Ni ke tsayawa gaban aji in zana dodon koɗi a allo. Ran Asabar kuma, ranar wanki, ni ke zama kan wani dutse a hanyar rafi in kora mutane su koma famfo. Ni da ban taɓa tsoma yatsa a rafi ba, ni aka sa gadinsa. Ina zaune rana na gasa ni, makaranta kuwa tana zagayawa ta bayan gonar dawa, sai dai in ji tsundum daga nesa. Na roƙi Malam ya sauke ni. Ya dafa kafaɗata ya ce ai ni ne madubin da sauran za su duba. Na fito ina tunanin ko akwai wanda ya taɓa tambayar madubi ra'ayinsa.

Ƙananan aji aka fara yi wa magani. Allurai ne a jere, kwana da kwanaki, masu sa amai da ciwon gaɓoɓi. Yaro zai shiga ɗakin disfensa yana taƙama ya fito yana bin bango. Jini kuwa ya tsaya, amma wannan shi ya tayar da hankalin manya. Magana ta bazu a ɗakunan kwana cewa allurar da ta ƙafar da jinin maza ba a nan take tsayawa ba, duk wanda aka yi wa ya yi sallama da haihuwa. Ba wanda ya san wa ya fara faɗa. Kowa dai yana da kawun da abin ya faru a kansa.

Da aka sanar cewa mako mai zuwa manyan aji za su kawo nasu kwalaben, sai na zama mutum mafi daraja a ƙasar Kano. Wata rana da la'asar siniyoyi suka tare ni a bayan ɗakin wanka, suka ajiye bokiti cike da ruwa a gabana, suka ce in fara atisaye. Ran Litinin ni zan cika kwalbar kowa. Na sha har ina jin ruwa na kaɗawa a bayan idona. Da an huda ni a lokacin, da an yi noman rani daga nan har Yalwan Damai. Ana cikin haka taubashina ya iso. Bai yi dogon bayani ba, ya ɗauki bokitin ya kifa a kan mai riƙe da wuyana, ya ce wanda ya isa ya sake taɓa kayansa. Suka watse.

Muna komawa ina ta zuba godiya, sai ya zaro kwalbarsa daga aljihu ya sa mini a hannu.

"Kai bawana ne," in ji shi. "Abin da ke cikin tumbin nan duk nawa ne. Guda ɗaya tak za ka cika."

Na yi dariya, na ce ubangijin kirki ba ya roƙon bawansa fitsari. Bai yi dariya ba. Ya ce shi kaɗai ne namiji a ɗakin babarsa, in aka kashe masa baya me zai je ya ce wa Kawu? Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi mini magana babu zagi a ciki ba sai ranar.

Ga inda na tsaya. In na cika masa, ya tsira daga allura ya ci gaba da zama da tsutsarsa. In na ƙi, ba ni da mai tsaya mini, ga siniyoyi na jira da bokiti. In na gaya wa Malam, na zama munafukin da ya kai ƙarar ɗan kawunsa, sunan da zai riga ni isa ƙauye. Abin da ya fi damuna, tunda aka ɗora mini aikin nan idona ya koyi gani. Na lura leɓensa ya yi fari. Na lura a fili yakan durƙusa ya dafe mara in ƙwallo ta yi nisa. Na taɓa jin nishinsa ta katangar makewayi, irin nishin da mutum ke yi in ya tabbatar ba mai ji.

Na gwada lallashi. Na ce masa disfensa da kansa an yi masa allurar yana yaro, ga shi da 'ya'ya har ba ya gane na wa da wa. Ya ce wa ya tabbatar nasa ne. Na zana masa dodon koɗi a ƙasa, ya sa ƙafa ya shafe. Na je har ƙofar gidan Malam, na yi sallama, ya fito, na tambaye shi lafiyar iyali na dawo. Kwanakin nan ko tuwo ba ya wuce mini, ni da masu dafa abinci ke kulle tukunya in sun hango ni.

Litinin ta zo. Bayan sallar asuba gari ya waye, muka zagaya bayan makewayi, ni da shi. Ya juya baya yana gadin hanya, ya ce in yi sauri. Na tsaya da kwalbarsa a hannu. A gabana, kan yashi, ga inda ya tsuguna kafin mu fara magana, jini ne har da guda-guda, tururuwa ta kewaye shi. Na daɗe ina kallo. Sannan na taɓa bayansa na miƙa masa kwalbar yadda ya ba ni ita.

Ya duba ta, ya dube ni. Na jira mari, har na karkata kunci don ya same ni daidai a gama. Bai ɗaga hannu ba. Ya matsa gefe ya cika ta da kansa, ya toshe, ya sa ta a akwatina a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Kai wa Malam," ya ce. "Daga yau na 'yanta ka."

Ranar ya ɗebo ruwansa da kansa. Siniyoyi kuwa da suka ga mai tsaron gida ya ba da tasa kwalbar, yawancinsu suka ba da nasu, amma haushin a kaina suka sauke. Na yi tsallen kwaɗo har na fara sha'awar ƙwari. Na yi noman ciyawar da ta isa ciyar da shanun Fulanin Gwaram shekara guda. Taubashina yana wucewa ya gan ni ina tsalle, ya ce sannu da aiki, ya yi gaba.

Allurar ta kayar da shi sosai. A matsayina na shugaban tsafta ni ke kai wa masu jinya kunu, saboda haka kullum sai na tsaya a kansa. Na shirya zolaya kala-kala. Na ce masa ya rame har kunnuwan sun fi shi nauyi, in iska ta taso sai mun ɗaure shi da ƙafar gado. Ya karɓi kofin da hannu biyu ya ce mini, "Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri." Da ya zage ni da uwa da uba da ya fi mini sauƙi.

Ya warke. Leɓe ya dawo, ƙwallo ta dawo, Malam ya yi jawabi a taron safe yana yaba wa ƙungiyarmu, ya ce ga abin da yara ke iyawa in an yarda da su. Aka sake tafa mini. Da hutu muka hau motar kasuwa zuwa gida, ya bar mini wuri mai kyau kan buhun gero, shi ya tsaya a baya riƙe da ƙarfe. Inna ta lura tun daren farko. Ta tambaye ni me na yi wa ɗan yayanta da yake gaishe ni kamar suruki. Na ce girma ne ya zo masa. Ta ce girma ba ya zuwa wa taubasai.

Yanzu duk mun yi furfura. 'Ya'yansa sun cika tsakar gida, in za a raba musu tuwo sai an yi kiran suna kamar a barikin soja. Ni kuma an san ni, ba taron da zan zauna mutane su tashi cikinsu bai ƙulle don dariya ba, har a wurin zaman makoki akan roƙe ni in yi shiru. Bara na je sunan jikansa. Na same shi cikin mutane a zaure, na ce ashe tsohon nan yana nan da kunnuwansa, na ɗauka an sayar an sayi ragon suna. Zaure ya kwashe da dariya. Shi kuwa ya miƙe tsaye, ya gyara mini tabarma da hannunsa, ya tambaye ni hanya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini cinya guda. Na zauna na cinye ta, don ban san abin da zan yi da bakina ba.