Takabar da Na Raba Gida Biyu

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan, amma ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Maigidana ya share titunan Paris har bayansa ya lanƙwashe. Da fari shi kaɗai yake, a gidan ma'aikata na Montreuil, daga baya ya ɗauko ni daga Damagaram. Da ƙarfi ya ƙare muka koma Villeurbanne, gefen Lyon, kusa da autarmu mai aikin jinya. Gwamnati tana ba tsofaffi irinmu kuɗin tsufa duk wata, amma da sharaɗi. Wata tara na kowace shekara ƙafarka tana ƙasarsu, uku ne naka. Ka wuce, a yanke, har a ce ka maido abin da ka ci. Fasfo kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, hatimin fita da na shiga duk suna ciki. Malam yakan yi dariya ya ce, "Ɗaurin akuya aka yi mana, Hajiya. Igiyar da tsawo, amma turken yana Lyon."

Da kuɗin nan muke biyan ɗaki. Da shi kuma marayun ɗan farinmu suke cin tuwo a gida.

Shekarar da nake ba ku labari, da damina muka je gida. Mun yi wata biyu, gero ya fid da kai, Malam kullum yana gona yana faɗa da tsuntsaye kamar yaro. Wata Laraba ya dawo daga sallar la'asar ya ce kansa na sarawa. Kafin magariba mai abu ya karɓi abinsa.

Yayarsa ce ta shigar da ni takaba, tsohuwa mai kaifin harshe. Ta tsefe mini kai, ta cire mini 'yan kunne, ta danƙa mini 'yar wuƙa mai kube irin wadda matan gidansu ke riƙewa. Ta ce, "Kada ki ajiye ta ko bayan gida za ki. Wata huɗu da kwana goma, a ɗakinsa, a kan tabarmarsa." Na ce to. Abin da ya rage in yi masa ke nan a duniya.

An yi sadakar uku, an yi ta bakwai. Sai auta ta kira daga Lyon. Ta yi ta jan gaisuwa, ya haƙuri, ya jama'a, ya ruwa, har na gane akwai magana.

"Inna, ki gafarce ni. Watanninki sun kusa cika."

"Waɗanne watanni? Ko arba'in ba a yi ba."

"Na je biro, ofishin kuɗin tsufa, na gaya musu Baba ya rasu. Matar ta yi mini gaisuwa da kyau. Amma ta ce dokar ba ta san takaba ba."

Da Yaya ta ji, sai ta tafa hannu. "Takabar za ki naɗe ki sa a jaka kamar kilishi? Mutumin da ya share musu titi har ya tsufa, ba za su ara wa matarsa wata uku ba?"

Liman ya ce larura ce, addini bai hana ba. Ni ba maganar liman ce ta tayar da ni ba. Daga bakin ƙofa na hangi marayun nan sun kewaye akushi, ƙaramar tana suɗe hannu. Na ce, "Yaya, in na zauna aka yanke, wa zai auno musu hatsi?"

Ta dubi yaran. Can ta ce, "Tafi. Ni zan kwana a ɗakin."

A filin jirgi aka ga wuƙar. Ma'aikacin ɗan Hausa ne, ya dubi kaina, ya dubi zanena, ya gane. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, Hajiya. Amma wuƙa ba ta shiga jirgi." Ya karɓa da hannu biyu. Har muka sauka Paris hannuna a dunƙule yake, ba komai a ciki.

Tsofaffin Montreuil suka tare ni a tashar jirgin ƙasa, aka yi fatiha a tsaye, mutane na ratsa mu da akwatuna. Aminin Malam, wanda suka kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru, ya ce, "Ke dai yi haƙuri. Shi ya ci riba, ya kwanta a ƙasar gida. Ni nawa watannin tun azumi na cinye su."

Sauran takabar a Villeurbanne na yi ta, bakin taga, tarago na wucewa da 'yan makaranta. Auta ta miƙo mini wuƙar yankan albasa, ta ce ko za ta yi. Na yi dariya, daga nan kuka ya zo. Addu'ar arba'in ta waya na ji ta, murya na zuwa tana ɗaukewa. Ranar fita ni kaɗai na yi wankana. Maƙwabciyarmu, Kirista 'yar Jos, ita ta yi mini kitso, auta ta soya waina ta raba wa ɗalibai. Da yamma Yaya ta kira ta ce, "Na naɗe tabarmar. Tsakanina da ke mun cika masa."

Yaya ta rasu shekarar da ta biyo, lokacin ina ɗaure a nan, ban ga gawarta ba. Aminin Malam ya cika a Montreuil, 'yan'uwa suka yi karo-karo aka kai shi gida, don gawa ba a ƙirga mata watanni. Babbar marainiyar ta yi aure, ƙananan suna lakwal, makarantar boko. Auta tana nan tana jinyar tsofaffin wasu. Ni kuwa ga ni bakin taga, igiyar ba ta tsinke ba, ina jiran damina.

Nan ta tsaya. Da ƙarya ce, da na fi kowa murna.