Akwatin da Ya Cinye Sifiri

A kan launin ƙwaya Goggo ta yi faɗa da ɗan ƙanenta. Wata bakwai tana karɓo wa mijinta maganin zuciya fari sol, ran nan aka miƙo mata ruwan hoda. Shi kuwa ɗan ƙanen nata, Injiniya, shi ya haɗa wa shagon maganin manhajar da suke aiki da ita.

"Goggo, kwamfuta ba ta kuskure."

"To ubanta ne ya yi? Ɗauko takalminka."

Injiniya mutum ne mai tsantseni, ko maɓallin riga ba ya tsallakewa. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki ba a taɓa kai ƙararsa ba. Cutarsa ɗaya, rowar fili: komai a allo sai ya matse shi, wai ya fi kyan gani.

A shagon, mai ba da magani ta danna akwatin zaɓi, jerin sunaye ya zubo ƙasa kamar labule. Goggo ba ta san bihim ba, amma ta ga layi biyu sak da juna kamar an tsaga kara. Injiniya ya sunkuya, ya ƙura wa allon ido.

Ɗaya 25 ne, ɗaya 250. Da sunan da ya fi gajarta ya auna faɗin akwatin, a kan allonsa mai ƙananan haruffa. Mai ba da maganin kuma idonta ya yi rauni, ranar Litinin ta ƙara girman rubutu, bakin akwatin ya haɗiye sifirin ƙarshe.

"Wanne kika ba ta?" Injiniya ya tambayi mai ba da maganin.

"Ni dai na sama na danna... ko na ƙasa ne?"

Nan Goggo ta tuna da gida. A gefen kofin ruwan mijinta Malam ta bar ledar maganin, shi kuwa da ya sallame azahar yake sha, ba ya tambayar kowa. Kunnensa ya yi nauyi, da ta kira shi waya ta yi ta kuka ba a ɗauka ba. Can ladan ya ɗaga murya yana kiran azahar.

Injiniya ya jawo kujera gaban kwamfutar. "Minti biyu zan faɗaɗa akwatin."

Goggo ta finciko shi da wuyan riga.

"Bar abin nan, ɗan nema, akwati ba ya mutuwa. Ruga gida wurin Malam! In ka tarar ya haɗiye, kada ka zo da bakinka, aiko mini wani."